Alkyabbar Da Wuƙa Ta Huda

Shafi na 17

"Ba zan bayar ba."

"Neri, tawa ce fa."

"Jinin da ke jikinta fa? Shi ma naka ne?"

Manetto ya yi dariya, irin dariyar nan tasa da ke sa 'yan majalisa su manta ƙorafin da ya kawo su. Ya jingina da ƙofa, hannunsa na hagu rataye a wuya cikin farin ƙyalle. Babu abin da ya sami hannun. Kwana ashirin da biyu ke nan yana rataye, kuma sau biyu Neri na hango shi ta taga ya zaro shi ya ɓare lemo ya mayar.

Neri yana zaune a bakin gado, ƙafarsa ɗaya a kan akwatin itace. A ciki jar alkyabbar take. Duk numfashin da ya ja sai ɗinkin da ke ƙasan haƙarƙarinsa ya amsa.

Manetto ya sake bayani a hankali, kamar mai lallashin doki. Maestro Zanobi mai aikin kaki ya gama mutum-mutumin. Gobe da hantsi za a ɗauke shi da kiɗa da kyandir zuwa coci, a rataye shi can sama cikin na sarakuna da manyan limaman coci, yadda ake yi wa duk babban mutumin da Allah ya tsallakar da shi bakin mutuwa. Kuma al'ada ba ta yarda da sabon kaya ba. Tufafin da mutum ya sha wuƙa a ciki su ake sa wa kakin, da hudarsu da jininsu.

"Fuskar wa ke jikin kakin?"

"Ka sani ai."

"Daga bakinka nake son ji."

"Tawa."

"Kura da shan bugu," in ji Neri. "Ƙarasa."

"Gardi da karɓar kuɗi. Na ƙarasa. Ka huce?"

Bai huce ba.

Shekara uku Neri ya ba Manetto a haihuwa. Ubansu ɗaya, Messer Taddeo Ravaldi, mai bankin da ke da reshe daga Roma har bakin tekun arewa, mutumin da bai riƙe sarautar kowa ba amma ko mai gadin ƙofa ba a naɗawa a Firenze sai ya gyaɗa kai. Uwa ce ta raba su. Ta Manetto 'yar babban gida ce, da ƙararrawar coci aka kawo ta. Ta Neri baiwa ce da aka sayo a Venezia, ta rasu yana ɗan shekara huɗu, har yau ba wanda ya nuna masa kabarinta. Gida ɗaya suka tashi, malami ɗaya, tebur ɗaya. Amma Manetto "Baba" yake cewa. Neri "Messer", yadda bare ke kiransa.

Ranar idin sarakuna uku, idin da manyan gari ke fita ayari zuwa coci, da safe, Messer Taddeo ya tare shi a tsakar gida. Ya dubi baƙar rigarsa ya ce ta koɗe, ya ce Manetto kuma mura ta kwantar da shi ba zai sauko da wuri ba. "Sa alkyabbarsa. Ka tsaya a damana." Har yau Neri yana jin kunyar yadda zuciyarsa ta yi tsalle. Shekara ashirin da shida yana jiran wannan magana. Ya sa ja, launin gidan, ya jawo hular alkyabbar ya rufe kai saboda sanyi, ya jera da ubansa kafaɗa da kafaɗa. A tsakiyar gada wani mutum ya fito daga cikin taro.

Abu biyu ya iya tunawa. Sanyin dutse a kuncinsa, da muryoyi suna ihun an kashe Manetto.

Fuska a rufe aka kawo shi gida. Bayan kwana uku Manetto ya leƙo ta taga da hannu a ƙyalle, gari ya ɗauka. Aka ce ikon Allah ne. Kafin mako ya zagayo majalisa ta kori gidaje biyu na abokan gaba. Masu waƙa suka tsara baitoci. Tsofaffi suna zuwa su kunna kyandir a ƙofar gida su tafi. Shi kuwa Neri yana ɗakin sama da likita da romon kaza, an ce wa bayi zazzaɓi yake yi.

Bai nemi banki ba. Bai nemi kujerar majalisa ba, ya san ba tasa ba ce. Abu ɗaya yake so, garin ya san ɗan Ravaldin da ya faɗi a kan gada, ya kira sunansa, ko sau ɗaya.

Manetto ya zauna a gefensa ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce Baba ya gama shiri, jibi Neri zai kama hanyar Bruges, can bakin tekun arewa, reshen can gaba ɗaya nasa ne, da gida da dawakai, ba mai tsaya masa a kai.

"Inda ba wanda zai tambaye ni dalilin da nake tafiya a karkace."

"Haba, Yaya."

Sai yana neman wani abu yake cewa Yaya. Neri ya kau da kai.

Manetto ya rage murya. Ya rantse bai roƙi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ce jiya wata tsohuwa ta durƙusa a titi ta sumbaci ƙyallen hannunsa tana kuka, ya ji kamar ɓarawon da aka ba limanci. Ya ce ya yi wa Baba magana har sau biyu, Baba ya ce gari yana buƙatar magaji da Allah ya kare, ba ya buƙatar gardama.

Neri ya kalle shi. Abin haushin ke nan. Hatta nadama kyau take masa. Idon ya ciko, fuskar ta yi laushi, da mai zane yana kusa da nan take zai ɗauki alli.

Ya sauke ƙafarsa daga kan akwatin. Ya buɗe, ya ciro alkyabbar, ya naɗe ta a cikin zanen gado. Manetto ya miƙo hannu.

"Ba kai ba. Ni zan kai."

"Baba ya hana ka fita."

"To je ka gaya wa Babanka."

Matakala arba'in da ɗaya ce daga ɗakinsa zuwa tsakar gida. Bai taɓa sanin yawansu ba sai yau.

A titi ya ja hula ya rufe goshi, ba don kada a gane shi ba. Wa ke neman fuskarsa. A kwanar masu sayar da ulu wata mata tana tallar jajayen ƙyallaye, wai an shafa su a dutsen da jinin Manetto ya zuba. A gaba wani mahauci yana ba abokan cinikinsa labari, wuƙa a hannu yana kwatance. Yana nan tsaye a gadar, in ji shi, da idonsa ya ga fuskar yaron lokacin da ya faɗi, fes kamar ta mala'ika, ko yamutsa ta bai yi ba.

Neri ya tsaya. Shi dai ya san ya yi amai a kan gadar nan.

Ya wuce.

Shagon Maestro Zanobi yana bayan cocin, warin zuma da hayaƙi ke fara tarar mutum tun daga lungu. Daga rufi hannaye ne da ƙafafu na kaki suke reto, da idanu, da zukata, da jarirai, da wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa. Duk wanda ya warke daga wani abu sai ya zo a yi masa siffar abin ya kai coci. Tsohon gajere ne, kansa tal babu gashi, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ya ɗago ya ga Neri.

"A'a, babban na gidan Ravaldi. An ce zazzaɓi ya kusa yin gaba da kai. Ka kawo mini kanka in yi maka na kaki, rabin farashi."

"Na kawo alkyabba."

"Madalla. Zo ka gaisa da ƙaninka."

Ya janye wani labule.

Neri ya ɗauka ya shirya. Bai shirya ba.

Manetto ne tsaye, ɗan tsayin nan nasa, kai a ɗan karkace kamar yana sauraron wani abin dariya. Gashin na gaske ne. Idanun gilashi. Har ɗan tabon da ke haɓarsa yana nan, wanda Neri ya yi masa da takobin katako suna yara, aka yi wa Neri bulala goma a kai. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa itace ne da kara da tsumma da aka jiƙa da kaki.

Zanobi yana ta zuba. Ya ce shi da kansa ya shafa wa yaron mai a fuska, ya sa masa karan numfashi a hanci, ya zuba masa farar ƙasa har ta daskare, yaron ko motsi bai yi ba, ɗan halak. Ya ce wanda aka rataye a cocin nan ya gama mutuwa, jikokin jikoki za su ɗaga kai su nuna shi. Akwai waɗanda suka shekara ɗari a sama, iyalansu sun ƙare, su suna nan.

Shekara ɗari.  Shekara ɗari mutane suna ɗaga kai suna kallon jininsa a ƙarƙashin wannan murmushin.

"Kawo, ɗana."

Tsohon ya warware zanen gadon. Da ya ga tabon, wanda ya bushe ya koma baƙi daga ƙirji har ƙasa, sai ya yi alamar gicciye. Ya hau ɗan benci, ya yafa wa mutum-mutumin, ya sauko ya ja da baya don ya duba.



Kafaɗun sun zubo. Wuyan ya yi hamma. Bakin alkyabbar ya kwanta a ƙasa yana sharar ƙura.

Ya sake hawa, ya gyara, ya sauko. Haka dai.

Ransa ya ɓaci. Ya ɗauko wata igiya mai ƙulli-ƙulli daga ƙusa yana masifa. Shekara arba'in yana wannan aiki, in ji shi, ya auna sarakuna ya auna 'yan fashi, ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya yi gajere ba. Ga igiyar da ya auna Manetto da ita, ga ƙullin kafaɗa, ga na tsayi. Ya ɗora a jikin itacen, daidai. Ya ɗora a jikin alkyabbar, ta zarce da yatsa huɗu.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce. Ya zare alkyabbar ya kai ta bakin taga ya juya cikinta waje.

Neri ya matso, ba don yana so ba.

Zanobi ya bi ɗinkin kafaɗa da farcensa. Ga tsohon layi, ramukan allura a jere babu zare. Ga sabon layi a gefensa. Ga wani ɗan yanki da aka ƙara a ƙarƙashin hammata, jansa ya fi sauran haske. Ga bakin ƙasa, an sauke shi, shatin tsohon ninki yana nan. Ya ce aikin tela ne na gaske, ba na gaggawa ba, ko mai sauri sai ya kwana biyu a kai. Kuma jinin ya bi ta kan sabon zaren, ke nan kafin wuƙa aka yi shi.

"An buɗa ta," ya ce. "An buɗa wa wani mai faɗin kafaɗa. Dogo."

Sai ya ɗago kai. Ya dubi kafaɗun Neri. Ya dubi yadda yake tsaye, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Bai duƙa ya ɗauka ba.

"Ni kaki nake narkawa, ɗana," ya ce a hankali. "Ban ga komai ba. Ina da 'ya'ya mata uku."

Neri bai ji shi sosai ba. Yana can tsakar gida, da safiyar idi. Yana jin yadda alkyabbar ta zauna masa a kafaɗa kamar da ita aka haife shi. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ta rufe, har idon sawu. Ya tuna abin da ya raya a ransa a lokacin, wai alama ce, wai ko tufafin gidan sun san jininsa.

Ya naɗe ta da kansa. Zanobi yana cewa gobe fa, gobe da hantsi fa, me zai sa wa yaron. Bai waiwayo ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ya shiga gida. Bai tambayi kowa ba, ya san inda zai sami ubansa. Shekara biyu ke nan Messer Taddeo yana yini a ƙaramin ɗakin ibada na gidan, zaune a kujera, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, yana kallon mai zane yana cika masa bango. Ayarin sarakuna uku ne ake zanawa, amma duk fuskokin na gida ne. Messer Taddeo a kan farar alfadara. Manetto shi ne ƙaramin sarki, da kambin zinariya, a kan doki. Akawuna suna ciki, likita yana ciki, har karen farauta da ya mutu bara. Neri ma yana ciki. Shi ne mai riƙe da linzamin dokin, ya ba mutane ƙeya.

Manetto ya riga shi zuwa, yana tsaye a bayan kujera. Ke nan ya kai ƙarar.

Messer Taddeo bai juyo ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce wa mai zane ya sauka ya je ya ci abinci. Mutumin ya fara roƙo, yaɓen yau ɗanye ne, in ya bushe launi ba zai kama ba, aikin yini guda zai lalace.

"Gobe ka kankare ka sake."

Ya sauka ya fita, ya jawo ƙofa.

Neri ya warware alkyabbar ya shimfiɗa ta a ƙasa gaban kujerar, cikinta a waje.

"Messer. An buɗa ta."

Tsohon ya duba. Ya daɗe yana dubawa, kamar yadda yake duba zinariyar da aka kawo masa daga wata ƙasa.

"Zanobi," ya ce. "Na manta da igiyarsa."

Shi ke nan. Ko musu bai yi ba. Neri ya zo da shirin a ƙaryata shi, ya tanadi abin da zai faɗa, yanzu duk ya rasa inda zai ajiye su.

Messer Taddeo ya yi magana yadda yake yi a majalisa, ba ɗaga murya. Kwana tara kafin idi wasiƙa ta zo daga reshen Roma cewa za a soki Manetto. An san rana, an san gada, ba a san mutum ba. In ya hana fita, abokan gaba su ce tsoro ya kama gidan Ravaldi, su sake shiri a ranar da ba wanda zai rubuto. In ya fita da Manetto, ya ɗora gida gaba ɗaya a bakin wuƙa. Ya zuba mutum shida a cikin taro. Lissafinsa shi ne za su riƙe hannun kafin ya sauka.

"Sun makara da taki ɗaya," ya ce. "Na kore su duka."

Manetto ya zagayo gaban kujerar. Fuskarsa ta yi fari.

"Baba, ka ce mini mura ce za ta tashi in na fita cikin sanyi. Ka ce in tsaya in sha magani."

"Kuma ka sha. Yi shiru."

Neri ya dubi ƙaninsa. Gaskiya yake faɗa, bai sani ba. Ko wannan nauyin an ɗauke wa Manetto. An bar shi da hannu mai tsabta da zuciya mai tsabta, an kai shi ɗaki an lulluɓe. Da a ce ya sani da Neri ya sami wanda zai tsana hankali kwance.

"Da ka tambaye ni," in ji Neri.

"Da ka ce me?"

"Da na sa."

"Na sani. Shi ya sa ban ɓata bakina ba."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Neri, har ya ji tsoron kansa. Daɗi ne. Ubansa ya san zai sa. Ubansa ya zauna ya yi tunaninsa, ya san faɗin kafaɗarsa, ya san tsayinsa. Kare ma haka yake kaɗa wutsiya in an jefe shi da ƙashi.



Neri ya ce ba zai kai maganar ko'ina ba. Ba ya son Bruges, amma zai je. Abu ɗaya zai roƙa. A ɗaga bikin gobe da mako ɗaya, a bar Zanobi ya zuba masa farar ƙasa a fuska. Alkyabbar ai da ma awonsa ce. A rataye shi da sunansa, Neri ɗan Taddeo Ravaldi. Daga nan ko bangon duniya aka ce ya tafi zai tafi.

Messer Taddeo ya gyara ƙafarsa a kan matashi.

Ya ce an kori gidaje biyu daga gari saboda sun ɗaga wuƙa a kan magajin Ravaldi. Maza talatin da ɗaya, da matansu da 'ya'yansu, cikin sanyi. In gobe gari ya ji ba magaji aka soka ba, majalisa za ta fara tambaya, kuma tambaya ba ta da linzami.

"Saboda ɗan baiwa ba a korar gida biyu," in ji Neri.

"Kai ka faɗa."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce ba."

Ya ce amma bai manta da shi ba. Ya riga ya ba maƙerin azurfa aiki, zuciya ce 'yar daidai tafin hannu, da harafin farko na sunansa a baya. Za a rataye ta a cocin, kusa da ƙafar mutum-mutumin. Allah yana karanta baya.

"Kusa da ƙafarsa."

"Nan ne akwai ƙusa."

Neri ya yi dariya. Ɗinkin ya ja shi, ya daina.

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Ƙaramin sarki yana murmushi daga kan doki. Mai linzami ya ba da baya, wuyansa a sunkuye. Mai zanen ya ƙware, ko ƙeyar ma kowa ya gani ya san ta wace ce.

Manetto ya cire ƙyallen wuyansa ya yar. Ya ce shi ba zai je coci gobe ba, a rataye kakin ko a narkar da shi a yi kyandir, ba ruwansa. Messer Taddeo ya ce zai je, kuma zai mayar da ƙyallen kafin ya fita daga ɗakin nan. Ya ce a ɗauke wannan abu daga ƙasa a mayar wa Zanobi, ya cusa tsumma a kafaɗun, ba wanda zai auna daga ƙasa.

Manetto ya duƙa. Tun ranar idi bai taɓa ta ba sai yanzu.

Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya miƙe. Sai ya tsaya.

Ya sauke ta ƙasa kaɗan, ya sake ɗagawa, kamar mai gwada nauyin kaza a kasuwa. Ya cusa hannu tsakanin jan ulun da shafin ciki. Ya laluba ƙirji. Ya laluba baya. Ya laluba gefen da hudar take.

"Ta yi sauƙi," ya ce.



Ya juyo wajen Neri, yana magana da sauri, kalma tana hawa kan kalma. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar duk alkyabbar da aka ɗinka masa da sulke a ciki, siririn sulke na Milano, zobba ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗinke tsakanin ulu da shafi daga wuya har cinya. Baba ne ya sa, ya ce kada ya gaya wa kowa. Shi ya sa kullum yake ƙorafin kafaɗa in an dawo daga taro. Shi ya sa da aka ce wuƙa ta shiga ya kasa ganewa, ya ɗauka ta sama ta bi, ta wuya.

Neri bai taɓa sani ba. Shekara takwas suna fita tare, ɗaya da ƙarfe a jiki, ɗaya da riga.

Manetto ya ja shafin, zaren ya ɓalle. A cikin farin yadin ga shatin zobba nan a jere, tsatsa ta zana su layi-layi, dubbai. Zobban babu ko ɗaya.

Messer Taddeo ya mayar da idonsa kan bango, inda yaɓen yau ya fara bushewa daga gefe.

Manetto ya matsa gabansa har ya tare masa zanen. 

"Baba. Ka ce lissafinka za a riƙe hannun kafin ya sauka. To wa ya ce wa tela ya cire sulken?"